Ruwan Kanwa Ba Mataccen Ruwa Ba Ne

 Wannan filin sharhi ne daga nan Minna, fadar gwamnatin Jihar Neja. Yau a kan kanwa za mu tattauna: ruwan da ke haifar da ita, halittun da Allah Ya zaunar a cikin wannan ruwa, da kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu game da su.

Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ka rasa kanwa. Uwargida na jefa ta a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, a kwaɓin ɗanwake don ya haɗe. Makiyayi na ba shanunsa su lasa. Majema da marina da masu sabulu duk sun san amfaninta. A kasuwar Kure da ke nan Minna, ko a Bida, ko a Kontagora, za ka tarar da ita jibge, fara da ja. Tun kafin layin dogo ya taso daga Baro, ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911, fatake ke kora jakuna ɗauke da kanwar Borno, su bi ta Kano da Zazzau, su sauka ƙasar Nufe, wasu su zarce har Gwanja su komo da goro. Amma in ka tambayi yawancinmu daga ina take fitowa, amsar ba ta wuce "daga Borno". To, bari mu ƙarasa can.

Tafkin Chadi abin al'ajabi ne. Kogin Shari da Lagone da Komadugu-Yobe suna zuba masa ruwa, shi kuwa babu kogin da ke fita daga cikinsa. A ƙa'ida, tafkin da ba shi da mafita, ga shi rana na dukansa, ruwan gishiri yake komawa. Amma ruwan Tafkin Chadi ana shan sa, kifi na hayayyafa a ciki. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wani kaso na ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin rairayi, ya tafi da gishirinsa, ya ɓullo a ƙananan kwaruruka da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Kanem, arewa maso gabashin tafkin. A can rana ke shanye ruwan, ta bar kanwa. Kusan haka abin yake a kwarurukan ƙasar Manga, wajen Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa a Jamhuriyar Nijar, da yankin Yusufari a Jihar Yobe: ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, zafi ya yi yawa, ruwan sama kaɗan ne, mafita babu.

Me ya sa kanwa ake samu, ba gishirin miya kaɗai ba? Amsar tana cikin ƙasar da ruwan ya ratso. In tana da sinadarin sodiyam da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan, to da ruwa ya fara ƙafewa sai ɗan kalsiyam ɗin ya riga kowa kwantawa ƙasa, a bar sodiyam da kabonet su haɗu. Wannan haɗin shi ne kanwa.

Ruwan da ya ƙoshi da ita ba na wasa ba ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Tafkin kanwa da rana ta gasa yana iya haura giram 300. Kuma ba yawan gishirin ne kaɗai matsalar ba. Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, kuma masana kimiyya ba su da ja a kan haka. Suna da ma'auni mai suna pH, daga 0 zuwa 14. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, tsantsar ruwa 7, jinin ɗan Adam ya ɗan ɗara 7. Ruwan tafkin kanwa kuwa daga 9 yake zuwa 11, wani ma ya zarce, kuma kowane hawa ɗaya ninki 10 ne na wanda ke ƙasansa. Irin wannan ruwa yana cin fata. Tarwaɗar Shiroro ko giwan ruwan Kainji da za a saka a ciki, ba za su kai labari ba.

Duk wanda ya ji haka zai ɗauka mataccen ruwa ne. Ina! Tafkunan kanwa suna cikin ruwayen da suka fi ko'ina cika da rai a duniya, sai dai mafi yawan mazaunansu ido ba ya ganin su sai da madubin ɗakin bincike. A nan ina roƙon masu sauraro mu gyara wata fahimta. Mun saba in aka ce bakteriya sai mu tuna da cuta, alhali masu sa cuta 'yan kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawansu aiki suke yi mana: su ne ke nunar da daddawa, su ne ke mai da madara kindirmo, su ne ke ruɓar da taki ya zama abincin shuka.

Abubuwa huɗu suka haɗu suka sa tafkin kanwa ya zama gidan yalwa gare su. Kabon, wanda duk mai koren launi ke buƙata don haɗa abincinsa, ba ya yankewa, don kanwar kanta rumbunsa ce. Fosfet, wanda manomi ya sani a buhun taki, yana nan narke a ruwa, tunda babu kalsiyam ɗin da zai ɗaure shi. Rana da ɗumi suna nan shekara cur. Sannan masu cin su ba su da yawa, don ƙalilan ne ke iya jure ruwan.

Zaman nasu hawa-hawa ne. A sama akwai koraye masu haɗa abinci da hasken rana. Ƙasa da su akwai masu launin shunayya, da ke aiki da ragowar haske da sinadarin farar wuta. A cikin taɓo akwai masu ruɓar da gawar na sama, su mayar da abincin cikin ruwa. In rani ya tsananta, gishiri ya kai maƙura, sai wasu jajaye da ake kira arkiya su karɓe wurin. Irin waɗannan halittu masu jan launi ne ke rina Tafkin Natron na Tanzaniya, har jansa na fitowa a hotunan tauraron ɗan Adam. Su ne kuma suka mai da Tafkin Lonar na Indiya ruwan hoda a watan Yunin 2020. A Tafkin Natron ɗin ne ake ƙyanƙyashe kusan kashi 75 cikin 100 na ƙaramin tsuntsun filamingo na duniya, mai dogayen ƙafafu da dogon wuya. Kanwa ta hana kura da dila isa ga ƙwansa, koren ruwan tafkunan yankin ya zama abincinsa, daga abincin kuma yake samun jan gashinsa.

To, yaya suke tsira? Gishiri yana zuƙe ruwa daga jikin duk wani abu mai rai, shi ya sa ake adana kifi da fata da shi. Dabarar wasu ita ce su tara wani gishirin na daban, na fotasiyam, a cikin jikinsu, har ƙarfin ciki da na waje su zo daidai. Wasu kuma su ƙera sinadarai na musamman masu riƙe ruwa. Game da kanwa, a jikin fatarsu akwai ƙananan ƙofofi da ke tura sodiyam waje, su shigo da ɗan tsami ciki, ba dare ba rana, kamar mai kwale-kwalen da ke yoyo, wanda hannunsa ba ya rabuwa da ƙoƙon kwasar ruwa. Da haka cikinsu ke zama sassauƙa, ko da waje na ƙuna. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan a jikin abin da dubunsa ba su cika kan allura ba.

Jama'a masu sauraro, abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen yankinmu sun daɗe suna cin moriyar waɗannan halittu tun kafin a ƙera madubin da zai nuna su.

Mu fara da matan Kanembu na ƙasar Chadi. A tafkunan kanwa na Kanem, iska kan koro wani koren abu mai kauri zuwa gaɓa. Mata su shiga su ɗebo, su zuba a faffaɗan gurbi da suka shafe a kan rairayi, ruwa ya tsiyaye, rana ta busar da saura, su yanka shi gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Sunansa dihe. Da shi ake miyar da ake ci da tuwon gero. A 1940 wani masanin tsirrai Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya duba samfurin da aka sayo a kasuwar Masakori, ya rubuta bayaninsa, amma duniya ba ta kula ba. Sai a tsakanin 1964 da 1965, lokacin da Jean Léonard ɗan ƙasar Beljiyam ya ga ana sayar da shi a kasuwannin Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, aka mai da hankali. Da aka auna, sai aka tarar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na busasshensa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, ga kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shi ne abin da duniya ta sani yanzu da sunan sifirulina, ake noma shi a Amurka da Sin da Indiya, ake sayarwa a kwalba da tsada. Wani bincike da aka buga a 2000 ya nuna tafki ɗaya kacal, Kosorom, yana ba da dihe kimanin tan 40 a shekara, kuma mata ne ke riƙe da sana'ar daga ɗiba har sayarwa.

Misali na biyu yana ƙasar Hausa, a marina. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yau ana aiki a cikinsa. Marini yana zuba ruwa a rijiyar rini, ya sa baba da toka da katsi, ya yi ta motsawa kwana da kwanaki. Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare ba. Toka ta mai da ruwan mai kaifi irin na kanwa. A wannan ruwa sai wasu bakteriya masu son kaifin su farka, su ci abin da ke cikin ganyen, su juya shuɗin zuwa wani yanayi mai narkewa. Shi ya sa in aka tsamo zane yakan fito da kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi a gaban idonka. Masu bincike a Japan sun ware irin waɗannan bakteriya daga tukwanen rinin gargajiya na ƙasarsu, daga ciki har da dangin da ake kira Alkalibacterium. Ke nan duk marinin da ya san rijiyarsa ta kai ko ba ta kai ba, ta hanyar launi da wari da kumfa, kiwon ƙananan halittu yake yi. Da wannan ilimi aka rina turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa har tsakiyar Sahara.

Yanzu mu dubi abin da wasu suka yi da irin wannan dukiya. A Japan, Farfesa Koki Horikoshi ya duƙufa kan halittu masu son kanwa tun ƙarshen shekarun 1960. A 1987 kamfanin Kao ya fito da garin wanki mai suna Attack, wanda ke ɗauke da sinadarin enzayim daga irin waɗannan bakteriya. Hikimar a fili take: ruwan sabulu kaifi gare shi, don haka sai sinadarin da ya saba da kaifi ne zai yi aiki a ciki. A 1985 masana a Jamus sun gano sinadarin ektoyin a jikin wata bakteriya da aka samo daga Wadi Natrun na Masar, kwarin da Misirawan dā ke ɗebo kanwar busar da gawarwakin sarakunansu. Yau ana sa shi a man shafawa da maganin ɗigawa a ido da hanci. Daga tafkunan kanwa na Masar ɗin dai aka samo wata arkiya, Natronomonas pharaonis, wadda tun 2007 masu binciken ƙwaƙwalwa ke amfani da wani furotin nata don dakatar da jijiya ta hanyar haska mata haske. A masana'antar gas kuma, akwai fasahar Thiopaq ta ƙasar Holan, inda bakteriya masu son kanwa ke cire guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai daga iskar gas, su mai da ita farar wuta da ake sa wa a taki. Ƙasa mai arzikin gas irin Najeriya ta san darajar wannan.

Akwai kuma darasin Kenya. A farkon shekarun 1990 an ɗebi samfura daga tafkunan kanwa na ƙasar. Daga baya kamfanin Genencor na Amurka ya fito da sinadaran da ake amfani da su a garin wanki da koɗar da wandon jins. A 2004 Hukumar Kula da Namun Daji ta Kenya ta fito tana neman kason ƙasarta, kamfanin kuwa ya ce da izini aka yi ɗibar. Irin wannan taƙaddama na cikin abin da Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo ta magance: kada a ɗebi halittar wata ƙasa sai da yardarta, kuma a raba amfanin da ita. Sai dai yarjejeniya ba ta kare abin da mai shi bai san yana da shi ba. Wanda bai ƙidaya garkensa ba, ba zai san an kore masa saniya ba.

Wani zai ce, mu a Minna ina ruwanmu, tunda ba mu da tafkin kanwa? Muna da abin da tafkin ba shi da shi. Muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, da harabarta a Bosso da Gidan Kwano, mai sashen nazarin ƙananan halittu da sashen kiwon kifi. Muna da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Muna da rana, muna da ruwa, ga kanwa a kasuwa. Saboda haka ina da kira guda huɗu.

Na farko ga malamai da ɗalibai. Aikin kammala digiri a kan wannan fanni ba sai an je Kenya ba. Ɗalibi na iya sayen jar kanwa da fara da ungurnu a kasuwa, ya raya halittun da ke kwance a jikinsu, ya tantance su. Wani ya je marina, da yardar masu ita, ya ɗebo ruwan rijiya a matakai daban-daban na nunarta. A ajiye abin da aka samu a ma'ajiya mai rajista a cikin ƙasa, da sunan wurin da aka samo shi, da sunan masu sana'ar da suka ba da iliminsu. Inda tsaro ya hana zuwa, a haɗa hannu da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Diffa, waɗanda ke kusa da wuraren.

Na biyu ga gwamnatin jiha da masu zuba jari. Noman sifirulina ba ya cin fili. Kwami ne marar zurfi, ruwan bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, a sa kanwa da ɗan taki, a riƙa motsawa. Ta fi son ɗumi na digiri 30 zuwa 35, kaifin ruwan kuma yana hana yawancin baƙin halittu shiga. An kafa irin waɗannan gonaki a Dogon Dutsi ta Nijar da Kudugu ta Burkina Faso, don taimaka wa yara masu tamowa. Masu kiwon tarwaɗa da kaji a jihar nan kullum kukansu tsadar abinci. Ya dace a kafa gonar gwaji ƙarƙashin kulawar masana, a auna kuɗin da aka kashe da abin da aka samu, a bayyana wa jama'a sakamakon komai kyansa komai muninsa.

Na uku gargaɗi ne, kuma ina so kowa ya riƙe shi. Ba kowane koren ruwa ne dihe ba. Gansakukar da kan taso a madatsun ruwa da kududdufai, wata tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Kada wani ya ji wannan sharhi ya nufi dam ɗin Tagwai ko na Bosso da ƙwarya. Sifirulinar gaskiya ma ƙarin abinci ce, ba magani ba. Ba ta maye gurbin wake da ƙwai da kifi, ba ta maye gurbin asibiti. Duk wanda ya ce maka tana warkar da kowace cuta, aljihunka yake hari.

Na huɗu ga hukumomin muhalli da Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1964. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan faɗi. A Yobe da Manga kuma tuddan yashi na tafiya suna binne kwaruruka. Duk kwarin da yashi ya binne, ya tafi da abincin masu haƙar kanwa, ya tafi da halittun da ke cikinsa. Dasa itatuwa da kafe tuddan yashi a kewayen waɗannan wurare ya cancanci kaso a kasafin kuɗi, kamar yadda ake ware wa rijiyoyi da hanyoyi.

Matan Kanem da marinan Kano sun riƙe nasu ɓangaren ilimin ɗaruruwan shekaru, ba tare da ɗakin bincike ba. Ɓangaren da ya rage shi ne na aunawa da rubutawa da rajista, kuma wannan aikin 'ya'yanmu ne da muka tura jami'a. Mu ba su kayan aiki, mu ba su kuɗin bincike, sannan mu tambaye su sakamako.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.